Corolla ta 2005 ko ta 2020: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Auna

Mai neman mota yakan fara da tambayar ƙarfin inji, amma idan aka jera Toyota Corolla ƙirar Amurka ta 2005 da ta 2020, wannan tambayar ce mafi ƙarancin amfani. Tsohuwar tana da inji mai lita 1.8 da ƙarfin doki kusan 130, sabuwar kuma, a samfurinta na LE, lita 1.8 ce ita ma, da doki 139. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, tun da yake sabuwar ta fi nauyi. Sai wanda ya ɗauki mai injin lita 2.0 da doki 169 ne zai ji bambanci a ƙafarsa lokacin da zai wuce wata mota a babbar hanya.

A giya ne halinsu ya rabu. Ta 2005 tana da giyar otomatik mai hawa huɗu, wadda ta yi suna da haƙuri kuma kusan kowane makanike ya san cikinta. Ta 2020 tana amfani da CVT, giyar da ba ta da hawa tsayayye, wadda ke tafiyar da inji cikin natsuwa don rage shan mai. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, tsohuwar tana shan kusan lita 8 a kilomita 100, sabuwar kusan lita 7. Sai dai wannan rangwame yana da sharaɗi, domin CVT tana da nata man na musamman, wanda idan aka zuba mata wani ba shi ba za ta lalace, gyaranta kuwa sau da yawa yakan kai ga sauya ta ɗungurungum. Injin lita 1.8 na sabuwar ma baƙin mai mara kauri na 0W-20 yake so, ba 5W-30 na tsohuwar ba.

Abin da ya rinjayar da ra'ayina shi ne kare rai. A 2005, jakar iska biyu ta gaba ce kawai ke zuwa da kowace Corolla. Birkin ABS, mai hana tayoyi kullewa idan aka taka birki da ƙarfi, da jakunkunan gefe ƙari ne da mai sayen farko zai biya ko ya bari, saboda haka dole a duba kowace mota da kanta. Ta 2020 tana da jakar iska takwas, da na'urar hana mota kufcewa a kwana ko a kan santsi, wadda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun daga ƙirar 2012, da kuma birkin da ke kama kansa idan kyamara da rada suka hango karo. Ana iya sauya wa tsohuwa inji da fenti, amma ba a iya ba ta gangar jikin da aka ƙera don gwajin karo na wannan zamani. Mai ɗaukar iyali a doguwar tafiya bai kamata ya yi wa wannan riƙon sakainar kashi ba.

Duk da haka, shekarar ƙira ba ta wanke mota. Idan sabuwar ta taɓa yin hatsari, a tabbatar an mayar mata da jakunkunan iska na gaskiya, an kuma sake saita kyamarar da ke bayan gilashin gaba. Tsohuwar kuwa, a leƙa ƙarƙashinta don tsatsa, a taɓa robobin ruwa da suka bushe, a kuma tayar da ita da sanyin safiya a ga ko hayaƙinta shuɗi ne, alamar tana ƙona baƙin mai.