Sun kama mana motar haya, sun kuma sauke mu a garin da mota ba ta shiga

Masu tambayata ta waya yaya kamfanin da ya haɗa mana tafiyar Suwizalan yake, ga amsarku nan gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa. Ba zan kama suna ba, waɗanda muka yi maganar da su sun san ko su waye. Mun je hutun bazara ni da maigida da yara uku, auta tana keken jarirai, kuma tun farko abin da na faɗa wa mutumin da ke kula da mu shi ne ina son wuri cikin duwatsu mai sanyi inda yara za su sake, ban son wahalar hawa da sauka da kaya. Ya ce Hajiya ki kwantar da hankalinki, komai na hannunmu. Biza dai gaskiya sun yi ƙoƙari, takardun Shengen da inshorar lafiya ta yuro 30,000 da ake nema duk sun haɗa ba tare da an dawo da mu ba, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba.

Matsalar ta fara ne daga masauki. Sun kama mana gida a Wengen, sannan suka kama mana babbar motar haya daga filin jirgin Zurik har ranar komawa. Jama'a Wengen mota ba ta zuwa! Babu titin da baƙo zai bi ya hau da mota, garin yana can saman dutse kusan mita 1,270, jirgin ƙasa ne yake kai mutum daga Lauterbrunnen, garin da ke ƙasa cikin kwari. Mun taso daga Zurik a gajiye bayan doguwar tafiyar jirgi, maigida na tuƙi yana bin taswirar waya, sai kawai taswirar ta kai mu gaban wani gini mai hawa-hawa na ajiye motoci kusa da tasha ta tsaya. Muka kira mutumin, ya ce Alhaji ku ƙara gaba kaɗan za ku ga hanya. Wallahi haka ya ce, ku ƙara gaba. Nan na gane bai taɓa duba inda ya tura mu ba, hoton gidan kawai ya gani ya burge shi ya biya. Wani ma'aikacin tasha ne ya yi mana bayani, ya nuna mana kekunan ɗaukar kaya, muka sauke akwatuna da keken auta da jakar abinci muka tura har bakin jirgi, yaran nan biyu manya suna jan abin da za su iya, auta na ta tsala kuka don yunwa da barci. Hawan bai fi kwata ɗin awa ba amma da muka sauka akwai sauran tafiyar ƙafa zuwa gidan kuma hanyar tudu ce, shaguna sun rufe tun da yamma, daren nan biskit da shayi yara suka ci suka kwanta. Motar kuwa tana can ƙasa a ajiye, kullum kuɗin haya na tafiya kuɗin fakin na tafiya, ga kujerun yara da muka biya daban, kuma ko mun sauko ba mu da abin yi da ita don duk inda muke son zuwa jirgi ne ke zuwa. Na rubuta masa a daren na ce ya soke hayar a maido mana da saura, ya ce an riga an biya ba a sokewa. Raina ya ɓaci sosai, ba don kuɗin kaɗai ba, don na faɗa masa da bakina cewa da ƙananan yara zan zo.

Toh amma da gari ya waye na buɗe taga, sai na yi shiru. Dutsen Jungfrau ne a gabana fari fat da ƙanƙara a tsakiyar Yuli, ƙasa kuma kwarin Lauterbrunnen kore shar, ana hango ruwan Staubbach yana zubowa daga kusan mita 300. Kuma rashin motar da ya ba mu wahala jiya shi ne ya zama hutu, don yara na fita su yi ta guje-guje ba na ɗaga hankalina, sai 'yan ƙananan motocin lantarki na otal-otal da ke wucewa jefi-jefi. Gidan tsaf, kicin da komai a ciki, ruwan famfo ma sha ake yi. Muka hau motar igiya daga cikin garin zuwa Männlichen, can akwai filin wasan yara da wata ƙatuwar saniya ta katako da ake shiga cikinta a sulalo, da ƙyar muka raba su da wurin. A ranar har na ce wa maigida ƙila dai mu yi wa mutanen nan uzuri, sun yi kuskuren mota amma wurin da suka zaɓa ya yi.

Uzurin bai yi nisa ba. Muna tasha za mu sayi tikitin sauka garin Interlaken sai matar da ke sayarwa ta dube mu da yara ta tambaya ko muna da Swiss Family Card. Ashe baƙo yana iya sayen Swiss Half Fare Card na wata guda, duk tikitin jirgin ƙasa da jirgin ruwa da yawancin na hawa dutse ya koma rabin kuɗi, kuma katin iyali kyauta ake haɗa maka da shi, yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 16 ba ya biyan ko sisi in yana tare da uwa ko uba, 'yan ƙasa da 6 dama ba sa biya. Wannan fa shi ne abu na farko da ya kamata mai haɗa wa iyali tafiya ƙasar nan ya sani. Mu kuma an riga an sayo mana tikitin Jungfraujoch, wato tashar jirgin ƙasa da ke can saman duwatsun ƙanƙara, a cikakken farashi tun kafin mu taso, kuma kowa ya san abin da tikitin nan yake ci. Mun sayi katin a nan take ya yi mana amfani a sauran kwanakin, har jirgin ruwa muka shiga a tafkin Brienz, amma abin da ya tafi ya tafi.

Sannan ranar da ya tsayar mana ta Jungfraujoch ranar hazo ce. Mutanen wurin ba sa yanke rana tun da nisa, suna duba allon da ke nuna saman dutsen kai tsaye da safe, in garau ne su hau. Mu namu tikitin an ɗaure shi da rana. Muka bi ta Kleine Scheidegg, jirgin ya shige ramin da aka haƙa cikin dutsen Eiger, muka fito a tashar da ta fi kowace tsayi a Turai, mita 3,454, tun 1912 take aiki, kuma ba mu ga komai ba sai fari, ko ƙanƙarar Aletsch da ake ta yabo ba mu hango ba. Yara sun ji daɗin kogon ƙanƙara da taɓa dusar, wannan gaskiya ne. Amma na tsakiyan ya fara kukan ciwon kai da jiri saboda ƙarancin iska, auta ta ƙi cin komai, dole muka sauko da wuri. Ba wanda ya ce mana wurin na iya wahalar da ƙaramin yaro, ba wanda ya ce mu taho da rigunan sanyi masu kauri da tabarau, da ba don na yi ta bincike da kaina ba da rigunan shan iska za mu hau. Haka Trümmelbach, wurin kallon ruwa mai zubowa ta cikin dutse, da ya sa mana a jadawali, mun je bakin ƙofa aka ce ba a shiga da yaro ɗan ƙasa da shekara 4, sai ni na zauna waje da auta su suka shiga.

Abincin halal da ya ce yana nan kusa, a Interlaken yake, can kam da yawa saboda Larabawa masu zuwa hutu, amma sai ka sauka dutse ka canja jirgi. Mu dai girki na yi ta yi, kifi da ƙwai da taliya. Masu zuwa kuma su shirya wa lokutan salla, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, isha can wajen sha ɗaya, yara ba sa yarda dare ya yi.

Da muka dawo na tura masa rasit ɗin fakin da na mota da lissafin abin da katin nan zai rage mana, na ce aƙalla su ɗauki rabi. Ya ce zai yi magana da oga. Har yau oga bai yi magana ba, saƙona na ƙarshe ma an karanta ba a amsa ba. Wengen zan sake zuwa in Allah ya yarda, kuma zan ce wa duk mai yara ya je, ya sauka Zurik ya shiga jirgin ƙasa tun daga filin jirgi, kar ya taɓa mota. Kamfanin kuwa in biza kawai kuke so ku ba su, amma masauki da tikiti da jadawali kada ku bar musu, kuma ina nan ina jiran kuɗina.