Darasin allo ko kasuwar wasa: wanne ya fi koya wa 'yan firamare tattalin arziki?

Malamin da ke son yara 'yan shekara 7 ko 8 su fahimci tattalin arziki yana da hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce darasin allo. Malam ya rubuta bambancin buƙata da sha'awa, yara su kwafa, su maimaita har su haddace. Ba ta cin lokaci, kuma a aji mai cunkoso ita ce mafi sauƙi. Matsalarta, yaro zai rera maka ma'anar ƙarancin kaya tsaf, alhali bai taɓa jin zafinsa ba.

Ta biyu kuwa kasuwar wasa ce a cikin aji. A yanka takardu su zama kuɗi, a ba kowane yaro guda 10, a sa fensir a kan 6, ƙwallo a kan 7. Sai ka ga yarinya ta yi tsaye tana juya takardunta, ta kalli wannan ta kalli wancan, don ta gane ba za ta samu duka biyun ba. Abin da ta haƙura da shi, shi ne ainihin tsadar abin da ta zaɓa. In ƙwallon ɗaya ce rak kuma yara biyar na so, da kansu za su fara ƙara farashi.

Gaskiya akwai hayaniya, shirya kayan ma aiki ne. Duk da haka ni kasuwar nake goyon baya, amma a ware minti 10 na ƙarshe a koma allo, malam ya gaya wa yaran sunan abin da suka gani da idonsu.