Lakros: Kulob ko Ƙungiyar Makaranta?

Tun da aka ce lakros zai koma gasar Olamfik ta 2028 a Los Anjelas, iyaye mazauna Amurka ke ta tambayata: a sa yaro a kulob ne, ko a bar shi a ƙungiyar makaranta? Lakros dai shi ne wasan nan da ake yi da sanda mai 'yar raga a kai.

Mu fara da aljihu. Makarantar gwamnati ba ta cin kuɗi sosai. Kulob kuwa sai ka shirya, dubban daloli ne a shekara, ban da otal da man mota. Ranar Asabar tun asuba kana kan hanya, kular ƙanƙara a but, ka wuni a rana yaro ya buga wasa uku. Ga yawan jin rauni idan babu hutu.

A makaranta kakar wasa gajera ce, Maris zuwa Mayu, amma atisaye kusan kullum ne da koci ɗaya. A ganina nan hannu ke faɗawa.

Inda kulob ya yi zarra shi ne idon kociyoyin jami'a, domin gasanninsa na hutun ƙarshen shekarar karatu suke zuwa kallo. Sai dai tun 2017 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta hana manyan jami'o'i tuntuɓar yaro kafin watan Satumba na aji 11, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, don haka gaggawar me ake yi?

Sabon shiga, ko mai haɗa lakros da wani wasa, makaranta ta ishe shi. Wanda ya ƙwallafa rai a kan wasan jami'a, kuma gidansu da hali, ya ƙara da kulob.