Hattara da masu tallar rigar hambirki a Abuja

Jama'a masu mota, musamman na Kubwa, Gwarinpa da Lugbe, a yi hattara da wasu masu tallar rigar hambirki (fatar da ke rufe gindin sandar birkin hannu) da ta giya a Facebook da Instagram, wai fata ce zalla daga Jamus, wai kuma tana shiga kowace irin mota. Kama sunan shafin ba shi da amfani, domin yau suna da wannan suna, jibi sun koma wani. Salon cutar ne ba ya sauyawa.

Tun daga tallar ƙarya take bayyana. Babu rigar hambirkin da ke shiga kowace mota. Ta Golf 4 daban, ta BMW daban, saboda kowace a kan wani zoben roba take zaune wanda aka yanka daidai ramin motar. Tsofaffin Sienna da Marsandi C-Class ma da ƙafa ake taka birkin ajiyarsu, babu sandar da za a sa wa riga, amma ka tambaye su za su ce maka akwai, turo kuɗi.

Abin ya faɗa kan ƙanin matata mai Golf 4. Ya tura naira 18,000 a wani asusu da sunansa bai yi kama da na shafin ba, ɗan aike ya kawo kaya a leda ya juya. Da aka juya cikin rigar sai ga farin yadi manne a baya. Fata ta gaske bayanta kaushi-kaushi ne, kuma ƙamshin jima ba ya ɓuya. Wannan roba ce aka shafa wa yadi, irin wadda zafin Abuja na watan Maris ke sa ta fara saɓulewa a motar da ke yini a rana.

Da a nan aka tsaya da sai a ce asarar kuɗi ce, Allah ya mayar da alheri. Sai suka ce suna da yaro mai sakawa kyauta, ya zo har gida. Yaron ya sa sukundireba ya ɓanɓare robar tsakiya da ƙarfi, 'yan kunnuwan da ke riƙe zoben suka karye, ya ɗago kai ya ce, "Oga, dama a karye yake, amma muna da sabo." Kuɗi na biyu ke nan.

Babbar matsalar tana gaba. Rigar ta yi kauri kuma ta yi gajarta, sai ta cushe a gindin sandar, hambirkin ya daina sauka har ƙasa. A gindin sandar nan akwai ɗan makunni da ke kunna jar fitilar birki a gaban direba muddin sandar ba ta kwanta sarai ba. Fitilar ta ƙi mutuwa. Maimakon ya gyara rigar, yaron ya zare wayar makunnin, fitila ta mutu, ya ce aiki ya kammala. Mai mota ya hau titin filin jirgi da birkin baya a ɗan kame bai sani ba, sai da ya ji ƙaurin ƙuna, ya tsaya ya tarar tayoyin baya sun yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. Makanike a Apo ne ya gano wayar tana lilo. Takalman birkin sun cinye, sai da aka canza su. Lambar masu shafin kuwa tuni ta daina shiga.

Ni a ganina wannan aiki bai kai a tura wa baƙo kuɗi ba. Masu ɗinkin kujerun mota suna nan a Apo da Gudu. Su kan cire tsohuwar rigar, su warware ɗinkinta, su ɗora a kan sabuwar fata su yanka daidai, sannan su manna a kan zoben motarka na asali, kana tsaye kana kallo.

Duk wanda zai saka maka, kafin ya taɓa komai ka ja hambirkin ka ƙirga ƙas-ƙas nawa yake yi, bayan ya gama ka sake ƙirgawa. Kunna mota, ja sandar: dole jar fitilar ta kama, ka sauke ta mutu. In ka ja ba ta kama ba, an taɓa waya, kada ka bari ya tafi. Sannan a shimfiɗaɗɗen fili ka sauke hambirkin, ka cire giya ka tura motar da hannu, ka ji ko tana gangarawa ba tare da riƙewa ba.

Wanda suka riga suka cuta ya adana hoton hirarsu da shaidar tura kuɗin, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kuma kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, hedikwatarta tana nan Abuja. A taimaka a tura wa 'yan uwa masu mota, musamman masu Golf, don su aka fi nema.