Fijo 504, Marsandi ko Beetle: wace tsohuwar mota za ka saya ba ta kwanta maka ba?

Wanda sha'awar tsohuwar mota ta kama a Najeriya, zaɓinsa bai cika wuce uku ba: Fijo 504, Marsandi W123, ko Volkswagen Beetle. Kafin ka dubi kyau ko farashi, ka fara tambayar kanka: ranar da famfon ruwa ya mutu, ina zan samo wani? Motar da ba ta da kayan gyara a kusa, ƙarshenta ƙofar gida ne, tayoyi a sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Da wannan ma'auni, ni 504 nake zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. A Faransa ta fito a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Amma abin da ya shafe mu shi ne kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, bai daina yin 504 ba sai 2006, alhali Faransa ta bar ƙera salun ɗinta tun 1983. Shekara talatin ke nan ana zuba ta a titunanmu: motar gwamnati, motar haya, wagon mai layi uku da ke jigila tsakanin garuruwa, da fikof ta 'yan kasuwa. Shi ya sa har gobe akwai dattawan kanikawa da suka san ta ciki da bai, kuma kayanta ba su ƙare ba a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas.

Injinta ma mai haƙuri ne. Na fetur iri biyu aka fi gani, mai 1796cc da mai 1971cc, a kishingiɗe yake a gefe guda idan ka buɗe bonet. Layinonin da fistin ke tafiya a ciki cirewa ake yi a sa sababbi, don haka injin da ya fara shan baƙin mai ba sai an jefar da shi ba. Mai 1971cc ɗin an sa irinsa a wasu 505, wato rumbun kayan ya ƙara faɗi. Inda take da rauni shi ne kan injin, na alminiyom ne. Idan aka bari ta yi zafi sosai sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Buɗe murfin mai ka duba: in ka ga wani abu fari-fari kamar madara ya manne a ciki, ruwa na haɗuwa da mai. Ka rage kuɗin sosai ko ka yi gaba.

Marsandi W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, mota ce mai ƙarko, babu mai musu, musamman masu dizal irin 240D. Sai dai ƙananan kayanta na asali daga waje suke zuwa, da kuɗin waje kuma. Beetle kuwa, duk da an harhaɗa ta a Legas kuma ba ta da lagireto balle ya yi yoyo, masu gyaranta sun yi ƙaranci a Arewa, ga ta matsattsiya. Ta yawon yamma ce, ba ta iyali ba.

To yaya za ka san abin da ke gabanka shi ne abin da aka ce? Kada ka yarda da rubutun da ke manne a bayan but. GL, GR, SR, haruffan da ke nuna ajin motar, duk sayar da su ake yi a kasuwa, mannawa ba wuya. Abin dubawa shi ne farantin ƙarfe da ke cikin ɗakin injin, da lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen motar, da wadda ke cikin takardu. Dole ukun su zo ɗaya. Dubi kusoshin da suka riƙe farantin. Idan sababbi ne suna ƙyalli a jikin mota mai shekara arba'in, wani ya taɓa shi. Shafa yatsa a kan lambar: idan wurin ya fi kewayensa santsi, ko wasu lambobin sun fi wasu zurfi, an goge an sake bugawa, kuma irin wannan motar ce ke kai mutum ofishin 'yan sanda. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 sai wajen 1981 ta zama ƙa'ida, don haka gajeriyar lamba a motar shekarun 1970 ba laifi ba ne. A Marsandi, lambar W123 ta gaskiya tana ɗauke da 123 a farkonta, ko bayan haruffan WDB. Wata alama mai sauƙi ta bambance salun ɗin 504 da na yayarta Fijo 404: tayar 404 noti uku ke riƙe ta, ta 504 huɗu.

Sabon fenti kuwa, shi na fi tsoro. Je da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, fila aka cusa aka shafe. Ɗaga kafet, ciro tayar safaya, ka danna ƙasan da makulli. Inji ana sakewa, giya ana sakewa, amma bodin da tsatsa ta cinye daga ƙasa kuɗi kawai zai yi ta ci.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi ƙona min rai. Wani mai shago ya taɓa sayar min da famfon ruwa a cikin kwali mai tambarin zaki, har da rantsuwa cewa ragowar tsohon kaya ne da ba a taɓa ɗaurawa ba. Bai yi wata ba ya fara zubar da ruwa a hanya, allurar zafi ta haura. Da bakanike ya kwance, sai ga tsohon famfo ne aka wanke da fetur aka fesa masa fentin azurfa, tsatsa na nan a cikin fukafukansa. Kwali ba shaida ba ne. Kwalin ma buga shi ake yi.

Kayan da za ka tarar kashi uku ne. Akwai na asali da ya yi saura a shaguna, ya yi ƙaranci kuma shi aka fi kwaikwaya. Akwai na hannu, wanda ake kira Beljiyam, da aka ciro daga wata motar. Akwai sabon kwaikwayo, daga mai kyau har wanda ba ya kwana. Ga ƙarfe mai nauyi, kamar giya, aksul, kan inji, ƙofa ko fitila, na hannu na asali ya fi sabon kwaikwayo nesa ba kusa ba. Ga duk abin da yake na roba ne ko na birki, kamar tiyo, bel, sil da takalmin birki, sabo kawai za ka saya, domin roba tana mutuwa ko tana ajiye a shago, kuma "tsohon kaya na asali" a nan ba abin alfahari ba ne.

Kada ka aiki yaro da sunan kaya a baki. Ciro wanda ya lalace ka tafi da shi, ka ajiye su gefe da gefe, ka ƙirga ramukan noti, ka ɗaga ka ji nauyi, domin jabu yawanci ya fi sauƙi a hannu kuma lambar da ke jikinsa a dagule take. Kafireto ma ba iri ɗaya aka sa wa duk 504 ba, kuma ƙafar bayan salun ta bambanta da ta wagon da fikof, don haka "ai duk Fijo ce" ba magana ba ce. Ka ƙulla da mai shago a gaban shaida cewa in bai hau ba za ka dawo da shi, a rubuta a rasit. Kuma kada bakaniken da zai duba maka mota ya zama wanda dillali ya kawo. Ka zo da naka, ka biya shi kuɗin dubawa ko an yi ciniki ko ba a yi ba.