Garambawul ɗin injin 2F na tsohuwar Land Cruiser: yadda na ga aikin

Duk mai tsohuwar Land Cruiser samfurin 40 da injinta ya fara shan baƙin mai yana tunkuɗo shuɗin hayaƙi, shawarar da zai fi ji ita ce ya sauke shi ya ɗora na zamani. Ban bi wannan shawara ba. Na kai injin a-kori-kurata, FJ45 ƙirar 1978, wurin masu garambawul, suka wargaza shi suka sake haɗawa. Yanzu da motar ta sha kwalta, ta sha yashi, ta yi hawa da kaya a bayanta, zan iya faɗin abin da na gani game da aikin da kayan da aka sa.

Injin shi ne 2F, wanda Toyota ta fito da shi a 1975 ya gaji injin F. Silinda shida ne a jere, lita 4.2, na fetur, ƙarfinsa kusan doki 135. Wanda ya saba da motocin yau zai raina wannan lamba, sai dai ba don gudu aka ƙera shi ba. Ƙarfin jansa yana cika tun yana juyi 1,800 a minti, wato daidai inda mota mai jan ƙafa huɗu take bukatarsa idan tana rarrafe cikin laka. Ba shi da bel ko sarƙar tayamin, haƙoran ƙarfe ne ke juya kamshaf, sandar da ke buɗe bawuloli. Bulok ɗinsa, wato gangar jikin injin, da tof, murfin da ke samansa, duk zubin ƙarfe ne mai kauri, kuma wannan kaurin shi ne hujjar gyaran: akwai abin da za a kankare a dawo da shi daidai.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali, babban makaniken bai yarda a kwance ko noti ɗaya ba sai da ya auna matsin kowace silinda. Biyu daga ciki sun faɗi ƙasa sosai. Ya ɗiga ɗan mai ta ramin fulogi ya sake aunawa. A ɗaya matsin ya tashi, alamar ringi ne suka cinye. A ɗayar bai motsa ba, alamar bawul ne ba ya rufewa da kyau. Kafin a buɗe injin mun riga mun san cuta biyu ce, ba ɗaya ba.

Daga nan sai awo, kuma a ganina nan ne kuɗina ya fi yin aiki. Sabon fistin da sabon ringi kowa zai iya sayowa. Amma ramin silinda ba ya cinyewa daidai wa daida: sama, inda wuta ke ci kuma ringi ke juyawa, ya fi ƙasa faɗaɗa, sannan ramin yakan bar da'ira ya ɗan miƙe ta gefen da fistin ke dannawa. Idan aka cusa sabon ringi a irin wannan rami, hayaƙi zai lafa na ɗan lokaci sannan ya dawo. Sun auna kowane rami a sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, suka rubuta. Asalin faɗin ramin 2F milimita 94 ne. Nawa ya wuce iyakar da littafin kamfani ya yarda, don haka aka faɗaɗa shi da milimita 0.50, aka sa fistin masu wannan girma. Wani zai ce a tsallaka zuwa 1.00 a huta. Makaniken ya ƙi, ya ce a bar wa wanda zai gaji motar abin da zai kankare nan gaba, kuma na ji daɗin wannan tunani ƙwarai.

Kiranshaf ɗin 2F, wato sandar da fistin ke juyawa, dogo ne, kuma a kan metal (ƙarafan da yake juyawa a kansu) huɗu kacal yake kwance, ba bakwai ba irin na yawancin injunan silinda shida da suka zo daga baya. Saboda haka sai da aka duba ko ya lanƙwashe kafin a yi maganar gogewa. Ya fito a miƙe, wuyoyinsa ba su kai a rage su ba, gogewa kawai aka yi. Lokacin haɗawa an sa siririn zaren roban nan da ake dannewa tsakanin metal da wuyan kiranshaf, faɗin da ya baje ya nuna tazarar da mai zai ratsa. Duk lambobin suna kan takarda, an ba ni ita tare da injin. Wanda ya yi maka garambawul bai iya nuna maka irin wannan takarda ba, ka tambaye shi da me ya yi aiki.

Wankin bulok ma ba na wasa aka yi ba. An fitar da dukkan marufan ramukan ruwa, sai ga tsatsa da laka sun daskare a can baya kusa da silinda ta shida, wurin da ya fi nisa da famfon ruwa. An bi hanyoyin mai da dogon buroshi, aka duba tof ko ya tsage, aka sa sababbin metal na kamshaf.

Akwai abu biyu da suka shafi wannan inji musamman, kuma su ne ma'aunin ko makanike ya san 2F ko dai ganinsa kawai ya taɓa yi. Na farko, a gefen tof akwai wani ɗan matoshi da kamfani ya danna a bakin hanyar mai. Yakan saki da tsufa, kuma idan ya fice ana tafiya, mai zai tsiyaye kafin direba ya ankara. Ba tare da na roƙa ba suka cire shi, suka yanka zare a ramin, suka ɗaure matoshi mai murɗawa. Na biyu, gindin distiribita ne ke juya famfon mai. Idan bai zauna har ƙasa ba, injin zai iya tashi alhali babu ɗigon mai da ke zagayawa, cikin mintuna kaɗan sabon aiki ya ƙone. Kafin a tada shi sai da suka juya famfon daban har mai ya ɓullo a sama wajen bawuloli, sannan suka zaunar da distiribitar suka tabbatar ta shige.

Kayan garambawul kuwa, a kwali ɗaya na saye su, na wani kamfani da ba Toyota ba. Fistin da ringi da metal ba ni da ƙorafi a kansu, awonsu ya yi daidai da abin da aka rubuta. Gaskit ne suka ba da kunya. Makaniken yana ɗaga na tof ya ajiye shi gefe, ya ce a nemo na asali, aka nemo. Na kaskon mai an yi amfani da shi, kuma ba a daɗe ba ya fara jiƙewa ta kusurwar baya, sai da aka sake sauke kaskon. Mai shirin wannan aiki ya ɗauka cewa gaskit da sil, wato robar da ke hana mai yoyo, zai saye su daban.

Garejin ma yana da nasa laifin. Aikin ya zarce lokacin da suka ɗiba da nisa, kuma ba sa kira sai ka kira. Wannan da sauƙi. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne manifol, wato bututan da ke ɗaure a gefen tof. A 2F manifol na shigar mai da na fitar hayaƙi a ɗaure suke da juna, zafi yakan sa fuskarsu ta karkace, kuma gyaransa shi ne a haɗa su a goge fuskar tare. Ba su yi ba. Sakamakon haka iska tana satar shiga, sulo, wato juyin inji idan ba a taka totur ba, ba ya tsayawa, salansa tana ɗan tsaki da safe. Mutanen da suka auna ramin silinda da irin wancan tsanaki bai kamata wannan ya wuce su ba. Da na koma sun gyara ba tare da gardama ba, amma sai da aka sake kwance kafireto da rabin gefen injin. Lagireto kuma ba su ce komai a kansa ba sai da na tayar da maganar, alhali sabon inji da toshasshen lagireto kamar sabuwar riga ce a jikin da ba a yi wanka ba.

Tashin farko sun yi shi bisa ƙa'ida. Kamshaf irin na da yana gugar ƙarfe da ƙarfe kai tsaye, don haka yana son mai mai sinadarin zinki, wanda aka rage a yawancin man zamani. Ba a bar injin a sulo ba, an riƙe shi wajen juyi 2,000 a minti na kimanin minti 20 domin mai ya fantsama ga kamshaf. Bayan haka aka ce in riƙa sauya gudu, kada in labta kaya, kada kuma in bar shi yana aiki a tsaye na dogon lokaci, har ringi su zauna. An juye man farko da wuri, aka sake bin kusoshin tof, aka saita tazarar bawul injin yana da zafi: milimita 0.20 na shiga, 0.35 na fita.

To, me ya canja? Hayaƙi ya tafi. Allurar matsin mai da a da takan kwanta idan inji ya yi zafi yanzu tana tsaye. Hawan da nake sauko wa giya ta biyu, yanzu ta uku ke cinye shi. A ƙaramar giya cikin yashi injin yana ja a hankali ba tare da shaƙewa ba, kuma wannan jan shi ne abin da nake ƙauna a motar tun farko.

Shan fetur ya ragu kaɗan, amma har yanzu inji ne mai ƙishirwa, kuma a babbar hanya ƙananan motoci za su ci gaba da wuce ka. Wanda gudu da tsimin mai yake nema, garambawul ba zai ba shi ba, gara ya duba wani injin. Wanda yake son motar yadda aka ƙera ta, kuma bulok ɗinsa bai tsage ba, ina ba shi shawarar ya yi, da sharaɗin ya sa manifol da lagireto da kafireto cikin yarjejeniyar tun kafin a fara. Ya kuma sauya kuloci da sil ɗin bayan kiranshaf tun injin yana ƙasa, domin sake kai wa gare su daga baya yana nufin sauke giya gaba ɗaya.