Sharhi kan kundin tsofaffin tatsuniyoyin Turai da aka sake wa kama domin matasa

Na sayi wannan kundi ne a wani shagon littattafai da ke Zoo Road, bayan 'yata mai shekara 15 ta shafe makonni tana roƙona. Da na ga bangonsa baƙi wuluk, da hoton yarinya mai jan mayafi tsaye a bakin daji, sai na ce ba zai shiga hannunta ba sai na fara karanta shi da kaina, na kuwa gama shi cikin dare uku.

Da farko na ɗauka marubutan zamani ne suka cusa wa tatsuniyoyin yara tashin hankali domin littafi ya sayu, amma ba haka abin yake ba, don kuwa tsoron nan tun asali yana ciki. A rubutun Charles Perrault na Faransa na 1697, kyarkeci cinye yarinya mai jan mayafi yake yi, babu mafaraucin da ya zo ceto. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, waɗanda suka fara fitar da nasu kundin a 1812, sun rubuta cewa 'ya'yan kishiyar uwar Sindarela yanke yatsa da dunduniya suka yi domin takalmi ya shiga. Mu ma da muka tashi a gaban kaka tana cewa "Ga ta nan, ga ta nanku", mun san yadda Ta-Kitse ta narke a rana saboda makircin kishiyoyi, kuma ba wanda ya ɓoye mana hakan.

Labarin da ya fi ratsa ni shi ne wanda aka ba kishiyar uwa dama ta faɗi nata ɓangaren da bakinta. Marubuciyar ba ta wanke ta daga laifi ba, sai dai ta nuna yadda hassada ke farawa daga ɗan abu ƙanƙani, kallon madubi da safe da furfura ɗaya da ta bayyana, har ta kai mace ga neman ran yarinyar da ta raina da hannunta. Da 'yata ta kai nan, sai ta same ni a kicin ina tankaɗe, ta ce, "Umma, ashe mugu ma yana iya jin tsoro?" Mun daɗe muna magana a daren nan, har tuwo ya kusa kamawa.

Sai dai labarai biyu na ƙarshe ba su yi mini ba ko kaɗan. An cika su da zubar da jini da ba shi da dalili a cikin labarin, kuma akwai wurin da aka tsawaita siffanta gawa har sai da na rufe littafin. Na yi wa shafukan alama da fensir, na ce ta tsallake su. Turancin ma yana da nauyi ga ɗalibin da bai wuce ƙaramar sakandare ba, ɗinkin littafin kuwa tun mako na biyu ya fara saki.

Ƙaninta mai shekara 11 ya nemi a ba shi, na ce ya dakata tukuna, na zaunar da shi na ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi.